Wasiƙa: Minti 13 na farkon fim ɗin Gravity, da masu fassarar da ba sa iya yin shiru

Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, dan Allah ina roƙon ɗan fili in faɗi albarkacin bakina kan wani abu da wasu za su ce ai ba shi ne damuwar talaka ba a wannan marra da ake ciki, to na yarda, amma tunda kuna da shafin nishaɗi kuma kusan kullum cike yake da wace jaruma ce ta yi aure wace ce ta fito, wa ya yi wa wa habaici a TikTok, ina ga ba laifi ba ne a ɗan taɓa maganar sana'ar kanta ko da sau ɗaya ne. Maganata kan yadda ake buɗe fim ce, wato mintocin farko da ko dai su kama mai kallo ko su sake shi ya tafi, kuma fim ɗaya zan riƙe don kar in yi ta yawo da hankalin masu karatu.

Fim ɗin shi ne Gravity, wanda ya fito a 2013, daraktansa Alfonso Cuarón ɗan ƙasar Meziko, shi da ɗansa Jonás suka rubuta labarin. Sandra Bullock ce jarumar, ta fito a Dakta Ryan Stone, George Clooney kuma ya fito a Matt Kowalski. Labarin 'yan sama jannati ne da suka je gyaran na'urar hangen nesa ta Hubble a can saman duniya sai tsautsayi ya rutsa da su. Abin da nake son faɗa shi ne, duk ƙarfin farkon fim ɗin nan ya taru ne a abubuwa biyu da daraktan ya ƙi yi, ya ƙi yanka hoto kuma ya ƙi saka ƙarar fashewa, kuma mu nan yadda muke kallon fina-finan waje waɗannan abubuwa biyun su ne na farko da muke ɓatawa.

Ga yadda yake farawa. Allo baƙi ƙirin, sai rubutu ya fito yana gaya maka cewa a nisan kilomita 600 daga doron ƙasa babu abin da zai ɗauki sauti, babu iskar shaƙa, rayuwa ba ta yiwuwa a wajen. Yayin da kake karantawa wani sauti yana tashi a hankali, yana ƙaruwa yana ƙaruwa har ya kai sai ka ji kamar ka toshe kunne, kawai sai a datse shi ɗif. Duk wanda ya taɓa zama kusa da janareton maƙwabci tun magariba, aka kashe shi ƙarfe sha biyun dare, ya san wannan shirun da har kunne ke yin wani ƙugi, to shi ne. A cikin shirun nan sai duniya ta bayyana ta cika allon, shuɗiya, tana juyawa a hankali, babu kiɗa babu komai. Kaga dabarar, sai da ya cika maka kunne tukun sannan ya ƙwace, da a ce da shiru aka fara tun farko ba wanda zai lura da shi, za ma a zaci lasifika ce ta lalace.

Daga nan sai ka fara jin muryoyin rediyo can ƙasa-ƙasa daga gefe guda, ba ka ma gane me suke cewa, sai wani ɗigo ya bayyana a nesa yana matsowa, yana girma, har ka gane ashe kumbo ne. Kuma kyamara ba ta yanke ba. Ta bi Kowalski yana shawagi da wata na'ura da ya goya a baya yana zagaya kumbon, yana ta zuba da mutumin da ke cibiyar kula da su a Houston, tsofaffin labarai da duk sun gaji da ji, ga waƙar kauyawan Amurka yana kunnawa, shi dai hankalinsa kwance tunda wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe kafin ya yi ritaya. Ita kuwa Stone wannan ce fitarta ta farko, zuciyarta na tashi, tana fama da wani allo na na'urar da ya ƙi aiki. Akwai wani ɗan wuri da noti ya suɓuce mata ya taso yana shawagi ya nufo fuskar mai kallo, Kowalski ya miƙa hannu ya cafke. Ƙaramin abu ne amma da shi aka koya maka dokar wajen, duk abin da ka saki ya tafi kenan in ba wani ya tare ba, kuma bayan 'yan mintoci mutum ne zai zama notin.

Akwai kuma na ukunsu Shariff, ɗan Indiya, yana can gefe ɗaure da igiya yana wasa yana tsalle-tsalle, har ya ɗan rera baitin farko na Mera Joota Hai Japani, tsohuwar waƙar nan ta fim ɗin Raj Kapoor na 1955 da iyayenmu masu zuwa silima suka sani sarai. Ni wallahi wajen nan dariya yake ba ni duk sanda na gani, ka je har sama ka tarar da waƙar Indiya. Amma ba a banza aka saka ba, so ake ka saki jiki, ka ji kamar ma'aikata ne kawai a bakin aiki ana raha, don in abin ya zo ya same ka ba shiri. Shariff ɗin ne kuma na farkon mutuwa.

To wannan ɗauka ɗaya ta kai kusan minti 13 ba a yanka ba. Don mai karatu ya gane girman abin, ya ɗauki duk wani fim ɗin faɗa na Amurka ko na Indiya na yanzu ya ƙirga, zai ga da ƙyar hoto ɗaya ke wuce daƙiƙa uku huɗu kafin a canja, fuska, ƙafa, mota, bindiga, fuska kuma. Shi Gravity gaba ɗayansa na minti 91 ne kuma hotunan da aka haɗa a ciki ba su kai 200 ba. Yankan hoto fa hutu ne ga mai kallo ko bai sani ba, duk sanda aka yanka ƙwaƙwalwa na tuna cewa ai shiri ne, wani ne ya zauna ya jera, sai ka numfasa. In aka ƙi yankawa babu wajen numfasawa, idonka na nan a buɗe kamar kai ma kana wajen, ba a ɗauke ka an kai ka Houston ka ga mutane a gaban kwamfuta suna gumi ba, ba a nuna maka iyalin kowa a gida ba, muryar Houston kawai kake ji (Ed Harris ne ma ya yi muryar) kuma da ta ɗauke shikenan kai ma an bar ka. Sannan a mintocin nan na shiru-shiru da kyamara ke zagayawa ka riga ka haddace wajen, ka san ina kumbo yake, ina Hubble, ina dogon hannun ƙarfen da aka ɗaure ƙafafun Stone a kai, ina Shariff, shi ya sa da komai ya tarwatse ba ka ruɗe ba, ka san me ya karye kuma ka san wa abin zai daka.

Yadda aka shigo da masifar ma abin a duba ne. Da farko Houston ya faɗa ne a cikin hira kamar ba komai, wai Rasha ta harba makami mai linzami ta fasa wani tsohon tauraron ɗan adam nata, tarkacen ba hanyarku suka biyo ba, ku ci gaba da aiki. Aka ci gaba da raha. Mai kallo ya ji, ya ajiye a ransa, su kuma 'yan fim ɗin sun share, to daga nan zuciya ke fara bugawa don kai ka san ba a faɗar irin wannan magana a fim a banza. Bayan ɗan lokaci muryar ta dawo a canje, a bar aiki a gudu, tarkacen sun daki wasu taurarin su ma sun farfashe abin ya zama sarƙa, ga su nan tafe. Stone ta tsaya wai bari ta ƙarasa, daƙiƙa ɗaya, Kowalski ya daka mata tsawa. Sai ka fara hango wasu 'yan ƙyalli can nesa.

Nan ne wajen da ya fi ba ni mamaki. Kumbo guda yana tarwatsewa a bayan mutum, ƙarfe na yayyagewa, Hubble na wargajewa, amma ba ƙara ko ɗaya. Babu bum babu ƙarau. Abin da kake ji numfashinta ne da ihunta a rediyo da kiɗan Steven Price da ke wani irin gurnani a ƙasa. Dokar da suka bi ita ce ba za ka ji komai ba sai abin da jikin jarumar ya taɓa, tun farko ma da take kwance noti ƙarar na'urar a dushe take zuwa, kamar ta cikin safar hannu da rigar ta biyo ta iso kunne, don girgiza na bin ƙarfe da jiki ko da babu iska. Saboda haka abu zai iya tahowa ta bayanta da gudun da ya fi na harsashi ita ba ta sani ba, kai mai kallo kana ganinsa, ba ka da bakin gaya mata. Wannan ya fi kowace ƙara tayar da hankali. Abin dariya ma, a tallan fim ɗin da aka saki kafin ya fito an saka ƙarar fashewar, masu talla sun ji tsoron shirun, amma a cikin fim ɗin babu.

Hannun ƙarfen ya karye da ita a jiki yana wulwulawa, Kowalski na ta ce mata ta kwance kanta, ta kwance, sai ta tafi tana juyi cikin duhu tana ƙanƙancewa har ta zama ɗigo, a nan ne aka yi yankan farko. Hoton da ya biyo baya kuma kyamara ta matso fuskarta a hankali tana juyawa tare da ita, duniya na wucewa a gilashin hular kwanonta tana dawowa, har kyamarar ta ratsa gilashin ta shiga ciki, sauti ya canja ya zama na cikin hula, ka koma kana gani da idonta, ga tururin numfashi a gilashi ga lambobin iskar da ta rage mata suna sauka, sannan ta sake fitowa waje. Ba wanda ya ce maka tana jin tsoro, ba a bukata.

Na san abin da wasu za su ce, ai kuɗi ne, ai kwamfuta ce. Gaskiya ne an kashe wajen dala miliyan 100, kuma gaskiya ne kusan duk abin da ke allon a sin ɗin nan zane ne na kwamfuta da kamfanin Framestore na Landan ya yi ƙarƙashin Tim Webber, har rigunan da suke sanye da su, fuskokin ne kawai na gaske. Sun ƙera wani akwati da aka lulluɓe cikinsa da ƙananan fitilu, a saka jaruma a ciki, hasken ya riƙa zagaya fuskarta daidai da yadda rana da duniya za su haska ta in tana juyi, kyamara kuma na kan hannun mutum-mutumi irin na masana'antar ƙera motoci, wato maimakon a juya mutum sai aka juya haske da kyamara. Har ma ɗaukar da muke cewa ba a yanka ba ɗin, gunduwa-gunduwa aka yi aka ɗinke. Duk na yarda. Amma kwamfuta ba ita ta yanke shawarar a yi minti bakwai takwas ana hira kafin wani abu ya faru ba, ba ita ta ce a cire ƙara ba, mutum ne ya zauna ya yi tunani, shi da mai ɗaukar hotonsa Emmanuel Lubezki wanda dama a fim ɗin Children of Men na 2006 ma sun yi irin wannan doguwar ɗauka tare. Fina-finai nawa aka kashe wa ninkin wannan kuɗi ka kalla ka tashi ba ka tuna komai ba.

Su waɗanda suka kalla a manyan silima da tabaran 3D, sun karɓe shi hannu bibbiyu. Da shi aka buɗe bikin fina-finai na Venice a 2013, ya tara sama da dala miliyan 700 a duniya, a 2014 kuma ya ci kyautar Oscar 7 ciki har da ta darakta da ta ɗaukar hoto da ta kiɗa da guda biyu na sauti. Masana kimiyya kuma suka yi masa ca ta wani gefen, Neil deGrasse Tyson ya zauna a Twitter yana lissafo kurakurai, wai me ya sa gashin jarumar ba ya tashi sama, kuma Hubble da tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ba a layi ɗaya suke ba balle a yi tsallake daga wannan zuwa wancan, amma shi ma ya ce ya ji daɗin fim ɗin. Ni abin da na ɗauka a nan, fim ɗin ya yi kama da gaske ne har ya sa ake bin sa da ma'auni, ba wanda ke zama ya binciki kimiyyar fim ɗin da jarumi ke tare jirgi da hannu. Kuma tsoron da aka gina labarin a kai ba ƙirƙira ba ne, tun 1978 wani masanin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, mai suna Donald Kessler ya yi gargaɗin tarkace na iya haifar da tarkace, a 2007 Chaina ta fasa tauraronta da makami ta bar dubban gutsattsari, a 2009 taurarin ɗan adam biyu na Amurka da Rasha suka yi karo, a Nuwamban 2021 kuma Rasha ta yi kusan abin da fim ɗin ya nuna har sai da mutanen da ke tashar sararin samaniya suka shige kumbunansu suka fake.

Yanzu in dawo gida. Mu yawancinmu ba a silima muke kallon irin waɗannan ba, wajen masu turi muke zuwa a zuba mana a memori, a waya muke kallo, kuma mafi yawa fassarar Hausa ake nema. Ban raina masu fassara ba ko kaɗan, sun buɗe wa miliyoyin mutane ƙofar da turanci ya rufe, wasunsu ma gwanaye ne na gaske. Amma akwai wata cuta da ta kama da yawansu, ba sa iya barin daƙiƙa biyar ta wuce ba su yi magana ba. Na taɓa zama a shagon cajin waya a unguwarmu ana kallon wani fim na 'yan sama jannati da aka fassara, wajen da aka yi shi don kowa ya yi tsit, sai ga mai fassara yana ta kwararo zance, kai jama'a yau ake yin ta, wannan baiwar Allah ta shiga uku, ku dubi ikon Allah, ga tallan lambar waya na gudu a ƙasan allo, ga sunan kamfani ana maimaitawa da amsa-kuwwa, kuma sautin asali an danne shi can ƙasa an ɗora wani kiɗa daban. Yaran da ke wajen dariya suke ta yi. Ba laifinsu ba ne, abin dariya aka ba su. Wani kuma da ke riƙe da rimot da ya ga an daɗe ana hira sai ya ce a ja gaba a kai wajen faɗan, aka ja.

Ranar da na kunna wa ƙannena farkon Gravity na asali a gida, na kashe fitila na jona ƙaramar sifika, ba mai jin turancin kirki a cikinsu, na dai gaya musu gyara suka je yi shikenan. Ƙaramar tana cin gyaɗa, lokacin da tarkacen suka fara wucewa na ga hannunta ya tsaya a cikin leda bai fito ba har aka kai wajen hular kwanon, ɗayan kuma sai karkata kai yake yana bin juyin allon. Da aka yanka hoton sai na ji an sauke numfashi kusan tare. Bayan nan ne suka fara tambaya, wai yaya me ya sa ba a ji ƙara ba, aka shiga bayanin iska da sauti, darasin da malamin kimiyya ya yi ta fama da su a kai bai shiga ba.

Ba zan ce fim ɗin ba shi da aibu ba, ni labarin 'yarta da ta rasu da aka cusa daga baya bai kama ni sosai ba, kuma maganganun Clooney wani lokacin sun yi yawa. Farkon ne dai ba ni da abin cewa.

Su kuma 'yan uwanmu na Kannywood, ba cewa nake su tafi sama ba. Amma a duba yadda yawancin fina-finanmu masu dogon zango ke buɗewa, hoton gari daga sama da jirgi marar matuƙi, sai get ɗin wani katafaren gida, sai jerin sunaye da godiya ga Alhaji wane na minti uku, sai falo mutum biyu a kujera ɗaya na gaya wa ɗaya abin da dukkansu suka riga suka sani don mai kallo ya ji, ga kiɗan piyano a ƙasa da ba ya tsayawa tun daga farko har ƙarshe, ana kuka shi ne ana dariya shi ne. Cire kiɗan nan na minti ɗaya ba ya cin ko sisi. Bin jaruma da kyamara ɗaya daga ƙofar gida ta ratsa zaure ta shiga tsakar gida ta tarar da abin da zai tayar mata da hankali, ba tare da an yanka ba, abin da yake ci shi ne atisaye da haƙuri da mai riƙe makirfo da ya san aikinsa, kuma muna da matasa masu ɗaukar hoto da za su iya in an ba su lokaci, matsalar a kwana biyu ake son a gama zango guda.

Roƙona gare ka Edita shi ne, a shafin nishaɗin nan a riƙa ware ko rabin shafi ne a wata a tattauna da mutanen bayan kyamara, mai tace hoto, mai haɗa sauti, mai haske, a tambaye su me ya sa suka yanka a nan ba can ba, wa ke ce musu su saka kiɗa a ko'ina, darakta ne ko furodusa ko tsoron 'yan kallo. Kuma a nemo ɗaya daga cikin manyan masu fassara a yi masa tambayar nan kai tsaye, shin su ne suke ganin dole sai sun cike kowane gurbi da magana, ko kuwa masu saye ne ke dawo da fim in suka ji shiru su ce bai turu daidai ba. Ina son jin amsarsa da gaske, don in masu saye ne to da mu 'yan kallo ya kamata in yi wannan faɗan.

Na gode da filin da aka ba ni, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya